Wurin da Abba Yake Tsallakewa

Masu karatu, ku yi mini afuwa, na san na ɓace muku. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in daina zubar da hawayena a kan namiji, wai maza ba su ƙare ba. 'Yar'uwa na gode, amma ni nawa guda ɗaya ne, kuma yana neman suɓuce mini ina ji ina gani. Yau ba shawara na zo nema ba. Na zo ne in amayar da abin da ke cikina, don in na ci gaba da riƙe shi wallahi zuciyata bugawa za ta yi.

Ga wanda bai san farkon zancen ba, ni ce auta a gidanmu, da haka ma kowa yake kirana, ina aikin karɓar marasa lafiya a wani asibitin haƙori. Wanda nake so soja ne. A wayata na ajiye shi da sunan Malam Shiru, domin mutumin nan ko shafi guda ka rubuta masa, amsar ba ta wuce, "To madalla. Kin ci abinci?" Umma kuwa ta kafe ba za ta ba soja 'yarta ba. Ba wai ta tsane shi ba ne, ko ganinsa ba ta taɓa yi ba. Cewa take ba ta haife ni don in riƙa kwana da waya a ƙarƙashin matashi ina jiran mugun labari ba. Tana da nata ɗan takarar, Mai Kemis, ɗan ƙawarta, kuma don Allah kada ku zage shi, mutumin kirki ne. Laifinsa ɗaya, ba shi nake so ba.

Wanda ya tsaya mini a gidan nan Abba ne kaɗai. Abba gyaran talabijin da rediyo yake yi, kuma a duniya in ka cire Umma babu abin da yake so irin fim ɗin yaƙi. Yana saurayi ya je shiga soja aka koro shi, wai ƙirjinsa bai kai awo ba, har yau bai yafe wa mai awon ba. Duk talabijin ɗin da ya gyara da fim ɗin yaƙi yake gwada shi, maƙwabtan shagonsa har sun daina firgita. Ranar da ya ji cewa mai nemana soja ne, bakinsa har kunne, ya ce Allah ya ba shi ta taga abin da aka hana shi ta ƙofa. Umma ta ce masa ya shiga sojan da kansa mana, yanzu ai ƙirjin ya kai, har tumbi ya yi ƙari.

Ni ma fa ba a bar ni a baya ba. Tun da Malam Shiru ba ya faɗa mini komai game da aikinsa, sai na koma zama kusa da Abba ina kallo, ina cewa a raina ai ta nan zan san shi. Na haddace yadda ake rarrafe a cikin taɓo, yadda ake ɗauko aboki a kafaɗa harsashi yana ruwa. Na fara kiransa jarumina a saƙo. Duk ranar da na rubuta haka sai ya yi jinkirin amsawa, ni kuwa ina cewa kunya ce. Abin da na sani kawai shi ne ya ji rauni a ƙafa a bakin daga, aka dawo da shi wani wuri da ya kira sashen kula da iyalai kafin ƙafar ta warke, kuma ƙarshen watan nan zai koma inda ya fito. Ni da wayona na yanke cewa sashen nan suna ne kawai, wani aikin sirri suke yi irin na fim.

Bayan na yi kuka har na rame, Abba ya yi lallashi har ya gaji, Umma ta sauko mataki ɗaya. Ta ce ya zo sau ɗaya ta gan shi da idonta, daga nan za ta faɗi maganarta, kuma abin da ta faɗa ya zauna, ba ta son ta sake jin zancen. Nan da nan na kama waya.

"Ka ce mata aikin ofis kake yi, ko ƙarar bindiga ba ka ji."

"Ba zan yi wa Umma ƙarya ba."

"Ba ƙarya ba ce, gyaran zance ne."

"To madalla. Kin ci abinci?"

Kun ji fa. Ni ina nan kamar in haɗiyi zuciya, shi abinci ne ya dame shi.

Ranar da zai zo tun safe nake goge-goge. Na wanke labulen falo, na juya matasan kujera ta gefen da bai koɗe ba, na ɓoye tsohuwar fankar da Abba yake cewa zai gyara tun ina makarantar sakandare. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya, na yafa farin mayafi, na shafa hoda na goge na sake shafawa, don kada Umma ta ce na yi rawar kai. Na dafa shinkafa da kaza, saura kaɗan gishiri ya yi yawa. Ina fitowa daga kicin na tarar Abba ya kwaso manyan sifikun shagonsa, waɗanda ya haɗa da hannunsa, yana jan waya ta ƙarƙashin kafet. Na ce, "Abba, don girman Allah ba yau ba." Ya ce in yi masa shiru, ni yarinya ce ban san yadda ake karrama soja ba.

Da la'asar na leƙa ta taga na hango shi. Ba kaki ya sa ba, farar riga ce da baƙin wando, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, da ledar ayaba da lemo a hannu. Ya iso ƙofarmu ya tsaya. Ya mayar da ledar hannun dama, ya dawo da ita hagu. Ya goge takalminsa a kan dakali alhali babu abin da ya taka. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa ya sauke. Na ce a raina, ji jarumin nawa, ashe shi ma yana tsoron suruka. Har dariya na yi, Allah ya yafe mini.

Ya shigo da sallama, ya durƙusa har ƙasa duk da ƙafar, ya gaishe su. Umma ta amsa a taƙaice, ta ɗaure fuska tamau, ta zauna can ƙarshen doguwar kujera tana jan carbi. Abba kuwa ya ji haushin rashin kakin amma ya daure, ya shiga jero masa tambayoyi: wace bindiga ta fi nauyi, gaskiya ne tankar yaƙi tana iya hawa bango, shi ya taɓa faɗowa daga jirgi da lema? Malam Shiru yana amsawa da "Eh, Abba," da "A'a, Abba." Da hira ta ƙi tafiya sai Abba ya ɗauki rimot ya ce bari ya nuna masa fim ɗin da ya fi kowanne a duniya.

Jama'a, da bam na farko ya tashi sai da kofunan da ke kan tire suka yi ƙara. Gabana ya faɗi, don na sha jin cewa wasu sojojin in sun ji irin wannan ƙarar hankalinsu gushewa yake. Na zuba masa ido ina addu'a kada ya yi abin da zai sa Umma ta ce ga shi nan, na faɗa. Amma ko gezau. Ya ɓare ayaba ma yana ci. Da Abba ya matsa masa ya faɗi yadda ya ga abin, sai ya yi murmushi ya ce sun yi ƙoƙari, sai dai shi bai taɓa ganin wanda ya kwana uku a rami haƙoransa suna ƙyalli haka ba, kuma yawancin yaƙi jira ne da ƙaiƙayin ƙafa. Abba ya yi dariya har da buga cinya. Na saci kallon Umma, na ga gefen bakinta ya ɗan motsa. Na ce Alhamdulillahi, an fara.

Akwai wani wuri a fim ɗin, bayan an gama babban faɗan, da Abba bai taɓa bari ya wuce ba. Da hoton ya koma wani titi shiru sai ya danna gaba, ya ce nan surutun mata ne, ɓata lokaci. Na kalli fim ɗin nan da shi ya fi a ƙirga, ban taɓa sanin me ke wurin ba. Yau ma ya ɗaga rimot.

"Abba, don Allah bar nan."

Muryar Malam Shiru ce, amma ban taɓa jin ta haka ba. Abba ya sauke hannu.

Wani siririn soja ne ya sauko daga bas da koriyar jaka. Babu kiɗa, babu harbi, sai kukan kaji da ƙarar injin ɗinki daga wani gida. Ya duba ƙofofi, ya tsaya a gaban ɗaya. Ya mayar da jakar hannun dama, ya dawo da ita hagu. Ya goge takalminsa. Ya ɗaga hannu ya sauke. Abin da na gama gani ke nan ta tagarmu, har dariya na yi masa. Wata mata ta buɗe ƙofar da tsumma a hannu, ta kalli fuskarsa, ta kalli jakar, ta karanta sunan da ke jikinta.

"Wannan shi ne aikina," in ji Malam Shiru. "Duk fim ɗin nan, nan ne kawai ba su ƙara gishiri ba. Wanda ya shirya wurin nan ya taɓa tsayawa a ƙofar wani, ko an taɓa tsayawa a tasa."

Abba ya tsayar da hoton. A hankali, idonsa a kan kafet, Malam Shiru ya yi mana bayani. Idan soja ya rasu, ana tattara abin da ya bari, agogo, waya, 'yan kayan sawa, wani lokacin har sabulun da bai ƙarasa ba, a sa a jakarsa. Shi ne yake kai jakar gida, kuma sau da yawa shi ne bakin farko da ke faɗa. Ya ce ya daɗe yana neman yadda zai gaya mini, kalmomin ba sa zuwa, sai yau da ya ga wani ya yi masa a talabijin ya samu abin nunawa da yatsa. Ya ce ko ƙofar shago ya zo shiga yanzu sai ya tsinci kansa yana goge takalmi.

Umma ta ajiye carbinta. Tun da ya shigo sai yanzu ta dube shi sosai.

"Wa yake fara ganewa?"

"Uwa, Umma. Tun kafin in yi sallama."

"Ka taɓa kai wa amarya?"

Na ƙura masa ido, ina roƙonsa da duk abin da ke fuskata. Ka ce a'a. Ka ce ba ka tuna ba. Ka yi tari ma, in kawo maka ruwa. Ya gan ni sarai, ya kawar da kai.

"Na kai. Labulen ɗakinta ko karin ninkin leda bai sake ba."

"Kai kuma ƙarshen wata za ka koma inda jakunkunan suke fitowa."

"Eh, Umma."

Sai Umma ta miƙe ta shiga kicin. Ta fito da abincin da kanta, ta zuba masa da hannunta, ta zaɓo masa cinya, ta ce, "Ci, ɗana." Ɗana fa ta ce. Ta tambaye shi mahaifiyarsa, ta tambayi ƙafar, ta ce ya riƙa gasa ta da ruwan ɗumi. Da zai tafi har bakin ƙofa ta raka shi tana sa masa albarka. Ni kuwa na ruga ɗaki na faɗa kan gado ina cusa fuska a matashi don kada a ji ihun murnata. Har na fara tunanin kalar labulen da zan saya, sai na tuna, na ce a'uzubillahi.

Bayan magariba ta kira ni. Tana ninke kayan wanki, ba ta ko ɗago ba. Ta ce tun da aka gina gidan nan namiji mai gaskiyar yaron nan bai taɓa taka shi ba, kuma za ta sa shi a addu'a har ta mutu.

"Amma ban ba shi ke ba, Auta. Da can tsoro ne kawai nake ji, ban san kamanninsa ba. Yau na gan shi, har jakarsa na gani."

Na zube a gabanta na riƙe ƙafafunta. Na ce Umma kowa ma mutuwa zai yi, Mai Kemis ma mota tana iya kaɗe shi a bakin shagonsa. Ta ce haka ne, amma shi ba a ajiye ma'aikaci na musamman don kawo jakarsa ba. Na juya wurin Abba, dogarona, na ce Abba ka yi magana mana. Yana zaune rimot a kan gwiwarsa, hoton matar nan da tsummanta yana nan a tsaye a talabijin, bai kashe ba. Ya ce shekara da shekaru yana kallon fim ɗin nan, ashe wurin da ya shafe shi, shi mai 'ya, shi ne yake tsallakewa. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Auta. Ni kaki nake so in ba wa ke, ban yi tunanin ƙofa ba. Ina bayan mahaifiyarki."

Kun ga yadda aka yi mini? Da ba su fahimce shi ba ina da mutum ɗaya. Da suka fahimce shi, suka so shi, sai na rasa kowa. Na tsani fim ɗin nan, na tsani sifikun, kuma a ƙasan raina na san ba don shi ba da sai in auri mutumin nan ina kiransa jarumina, ban san abin da yake ɗauka a hannunsa ba.

Na tura masa saƙo ina kuka, na ce ya kashe ni da gaskiyarsa, ya huta. Ya amsa da cewa kada in yi fushi da Umma, duk cikinmu ita ce ta gane. Wannan karon bai tambaye ni ko na ci abinci ba, kuma wallahi rashin tambayar ya fi komai tsorata ni.

Washegari ban je aiki ba, na ce musu kaina ke ciwo. Na tare shi a wurin jiran bas da ke gaban bariki, cikin hayaƙin motoci da masu tallan ruwa, idona a kumbure, mayafina a karkace. Na ce masa kowa ya faɗi nasa, Umma ta faɗa, Abba ya faɗa, shi ma ya faɗa, ni da za a aura babu wanda ya tambaye ni.

"To na tambaye ki. Za ki iya zama matar da ta buɗe ƙofa?"

"Zan iya."

"Kin amsa da sauri, Auta. A fim ake amsawa haka."

Na ce to ya nuna mini wanda ba na fim ba, ya tafi da ni. Ransa ya ɓaci, karo na farko da na ga haka, ya ce gidan mutuwa ba gidan kallo ba ne. Na ce ba kallo zan je ba, ya ba ni aiki, ko takalma ne in jera. Ya juya yana kallon titi. Can ya ce akwai abu ɗaya da yake hana shi barci. Shi namiji ne kuma baƙo, in matar gida ta tafi za ta faɗi ba shi da ikon taɓa ta, sai dai ya tsaya yana kallo kanta ya bugu da ƙasa. Saboda haka sashensu yana karɓar mata masu sa kai su raka su, sai dai ba sa daɗewa, mai zuwa sau ɗaya da wuya ta dawo. Ya ce yana da jaka gobe da safe.

"In kika fito daga gidan kika ce har yanzu kina so, zan koma in durƙusa wa Umma, in yi ta komawa har ranar da zan tafi. In kika kasa, kada ki ce komai, ki hau bas kawai. Ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Da gari ya waye na ce wa Umma asibiti zan je. Na sa baƙar doguwar riga marar ado, na cire 'yan kunne, ko turare ban fesa ba. Wata babbar jami'a a sashensu ta yi mini bayani a tsaye: kada in riga shi magana, kada in yi kuka kafin matar ta yi, in tsaya ta gefen da babu bango, don nan ake faɗuwa. Muka shiga mota. Jakar tana tsakaninmu a kan kujera, an ɗaure bakinta da igiya, wani silifas ɗin roba ya turo ta gefe. Shi kuma yana cikin kaki, ranar farko da na gan shi a ciki, na daɗe ina mafarkin ganin haka, na kasa ko ɗaga ido.

Muka sauka a wani layi mai tsabta. Gidan ƙarami ne, an yi masa sabon fenti shuɗi, an shanya kayan jariri a igiya, 'yan safa ƙanana kamar yatsuna biyu. Daga ciki rediyo yana yi, wata mace tana bin waƙar tana kuskuren baitin tana dariya ita kaɗai. Na ji ina so in juya in ruga, in je in ce wa Umma ta kira Mai Kemis, in ce na tuba. Na kuma ji in na juya, mutumin nan da ke gefena ya tafi ke nan har abada. Na matsa na tsaya ta gefen da babu bango.

Ya yi sallama. Labulen taga ya motsa, ido ya leƙo, bai kai kan fuskarsa ba, a kan kakin ya tsaya. Waƙar ta yanke. Na ji faɗuwar cokali, na ji gudun ƙafa babu takalmi, tana ta kokawa da sakata don murna, ta zaci mijinta ne, tana cewa, "Shi ne ba ka gaya mini kana hanya ba? Tsaya, tsaya, ga ni nan."